Tutar Rasha a Kano: Bayani a Kan Sojan Tilas, Ƙawance da Yaƙin Sunƙuru

A farkon watan Agusta na shekarar 2024, sa'ad da samari suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano, an ga wani abu wanda ba a saba gani ba. Waɗansu daga cikinsu suna ɗauke da tuta mai launi uku, fari da shuɗi da ja, watau tutar ƙasar Rasha. Hukuma ta kama telolin da aka ce su suka ɗinka ta. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce wannan cin amanar ƙasa ne, ofishin jakadancin Rasha kuwa ya ce ba ruwansa. Ƙura ta lafa, amma ra'ayin da ya ɗaga tutar bai mutu ba. Har yanzu akwai masu ganin cewa da Rasha za ta sa hannu, da an gama da 'yan bindigar daji da Boko Haram kafin a ga wata biyu.

Wannan ra'ayi ya cancanci a duba shi da natsuwa, ba a yi masa dariya ba, gama masu shi mutane ne da wuya ta ishe su. Mun zaɓi mu dube shi daga Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, don wani dalili. Nan ne matattarar sarin kayan masarufi: sukari da shinkafa da fulawa da taliya da man girki da sabulu. Daga nan ake lodin manyan motoci zuwa Katsina da Sakkwato da Maiduguri, har su ƙetare zuwa Maraɗi da Damagaram da ƙasar Chadi. Mai sari a Singa yakan san hanyar da ta toshe tun kafin jarida ta buga, domin abokin cinikinsa ya daina zuwa, ko direba ya ƙara kuɗin lodi. A wurinsa, ma'aunin nasarar yaƙi shi ne mota ta tashi ta isa, ta kuma komo lafiya. Da wannan ma'auni za mu auna ƙarfin Rasha.

Kalmomin da ya kamata a rarrabe

Hausa takan ce "soja" ga duk mai kaki da bindiga, amma iri uku ne, kuma halinsu a fagen fama ba ɗaya ba ne. Akwai sojan sana'a, wanda ya kai kansa aka ɗauke shi, yana cin albashi, yana jiran fansho. Irinsa ne sojan Nijeriya. Akwai sojan tilas, wanda doka ta kira shi don shekarunsa sun kai, zai yi wa'adinsa ya koma gida. Akwai kuma sojan haya, wanda ba ƙasarsa yake yi wa yaƙi ba, jinga ce ta kawo shi. Haka nan yaƙi iri biyu ne. Akwai yaƙin daga, inda runduna ke fuskantar runduna, kowa ya san inda iyakarsa take. Akwai yaƙin sunƙuru, wanda waɗansu ke kira sari-ka-noƙe, inda abokin gaba ba shi da daga, ba shi da kaki, da rana yana cikin masu cin kasuwa, da dare ya tare hanya.

Tilas ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin sarakuna, in za a fita yaƙi, sarki yakan aika wa hakimai, kowane ya zo da barade da dakaru da 'yan baka na ƙasarsa. Amma da rani ake yin wannan, in damina ta kawo kai kowa ya koma gona. Turawan Ingila sun ce su ba su kamen soja, sai wanda ya so. Duk da haka a yaƙin duniya na biyu akan yanka wa sarakuna adadin samarin da za su kawo, da yawa daga cikinsu kuwa sai a dajin Bama suka tsinci kansu, cikin runduna ta 81 da ta 82. Daga 1942 zuwa 1944 kuma aka yi abin da mutane suka laƙaba wa suna diban gwamna, watau kwasar talakawa zuwa haƙar kuza a Jos. Faransawa su ba su ɓoye ba: sun kafa dokar sojan tilas a ƙasashensu na Afirka ta Yamma a 1912, suka ƙarfafa ta a 1919 da wa'adin shekara uku. Samari da dama suka riƙa ƙetare iyaka suna shiga ƙasar Ingilishi don su tsira. Abin lura a nan shi ne, duk inda tilas ta shiga, gudu yakan biyo ta.

Ita kuwa Rasha, a kan tilas ta gina rundunarta tun asali. Sarkinta Bitrus Babba ya kafa doka a 1705 cewa kowace ƙarya ta ba da adadin mutane. Wanda ƙuri'a ta faɗa a kansa, soja ne shi har mutuwa. Daga baya aka mai da wa'adin shekara 25, wanda kusan duk ɗaya ne. A 1874 aka sake tsari, hidimar soja ta hau kan kowane namiji. Wannan tsari ne Tarayyar Sobiyet ta gada, da shi kuma ta karya Jamus ta kame Balin a watan Mayu na 1945, bayan ta yi hasarar rayuka wajen miliyan 27, soja da farar hula. A 1967 aka mai da wa'adin sojan ƙasa shekara biyu, a 2008 ya koma shekara guda, daga farkon 2024 kuma aka ɗaga iyakar shekarun kira daga 27 zuwa 30. Ƙarfin irin wannan runduna yawa ne, da igwa, da tankar yaƙi, da juriyar hasara. A yaƙin daga ba a raina ta.

Abin da Kano ta gani a 1967

Mutanen Fagge da Sabon Gari ba labari aka ba su ba a kan makaman Rasha, da idonsu suka gani. Kashe-kashen 1966, waɗanda Sabon Gari da filin jirgin sama na Kano suka ga mafi muninsu a farkon Oktoba, suna cikin abin da ya kai ga ɓallewar Biyafara ran 30 ga Mayu 1967. Aka soma yaƙi ran 6 ga Yuli. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi jiragen yaƙi a wurin Ingila da Amurka, ba ta samu ba. Sai ta juya wajen Masko, ko da yake har zuwa lokacin shugabannin Nijeriya, balle na Arewa, suna ƙyamar duk abin da ya shafi kwaminisanci. Cif Anthony Enahoro ya tafi can, ba a daɗe ba, a tsakiyar watan Agusta, sai aka rufe filin jirgin Kano, manyan jiragen dakon kaya suka riƙa sauka da jiragen yaƙi samfurin MiG-15 da MiG-17 a kwance, ana harhaɗa su a nan. Matuƙansu na farko yawanci Misirawa ne. Daga baya aka sami jiragen jefa bom samfurin Il-28, can wajen ƙarshen yaƙin kuma aka sami manyan igwoyi masu bakin milimita 122, waɗanda suka taimaka wajen karya abin da ya rage na Biyafara a Janairu 1970.

Wannan taimako ya yi amfani, ba shakka. Amma a lura da abu uku. Na farko, yaƙin basasa yaƙin daga ne: Biyafara tana da babban birni, da runduna mai kaki, da filin jirgi, da iyakar da ake iya zanawa a taswira tana raguwa wata bayan wata. Na biyu, Rasha ba ta aiko da mayaƙi ko ɗaya ba, kaya ta sayar, da masu gyara. Waɗanda suka yi yaƙin 'yan Nijeriya ne. Rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba a farko ta kai wajen 250,000 a ƙarshe, har da tsofaffin sojan Bama da aka sake kira, kuma galibin makaman ƙasa daga Ingila suka zo. Na uku, jiragen nan da ake alfahari da su sun kasa rufe filin Uli, wanda guntun titin mota ne kawai aka faɗaɗa, jiragen agaji da na makamai suna sauka a kansa da dare har kwanakin ƙarshe. Bama-baman da aka jefa kuwa sau da yawa a kan kasuwanni da asibitoci suka faɗa, Biyafara ta sami abin nuna wa duniya.

Shekara goma bayan wannan, a Disamba 1980, wuta ta tashi a 'Yan Awaki, ƙafa da ƙafa da Fagge. Mutanen Muhammadu Marwa Maitatsine sun fi ƙarfin 'yan sanda, sai da soja suka shigo da manyan makamai. Cikin kwanaki kaɗan aka murƙushe su, don sun taru a unguwa guda. Hukumar binciken Mai Shari'a Aniagolu ta ce mutum 4,177 suka mutu. To, amma waɗanda suka tsira sai suka watsu, suka ɓullo a Bulunkutu da Kaduna a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Igwa takan rushe abin da ya tsaya wuri ɗaya. Abin da ya watsu cikin jama'a, wata dabara yake bukata.

Inda yawa bai yi amfani ba

Ita Rasha ta san wannan tun kafin mu. A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da magadansa ke gina ribaɗai don tsare iyakokin Daular Usmaniyya, Imam Shamil yana yaƙi da rundunar sarkin Rasha a duwatsun Dagistan da Checheniya. Ya riƙe tuta daga 1834 har 1859, shekara 25, da mayaƙan da ba su kai kashi kaɗan na abokan gabansa ba. Rashawa ba su ci shi da karo guda ba. Sai da suka koma sare dazuzzuka, suna fasa hanyoyi, suna gina ganuwa bayan ganuwa, suna janye shugabannin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, kana ya miƙa wuya a dutsen Gunib.

Afganistan ita ce darasi mafi tsada. Rundunar Sobiyet ta shiga a Disamba 1979, ta fita a Fabrairu 1989. A tsakani adadinta ya zarce 100,000, galibinsu yara ne 'yan shekara 18 zuwa 20, sojan tilas. Wajen 15,000 suka mutu. Ba a taɓa cin su a yaƙin daga ba, birane kuma suna hannunsu, amma karkara ba ta taɓa zama tasu ba. Ayarin motocin mai da abinci da ke bin hanyar Salang zuwa Kabul kullum cikin fargaba yake. Sun kai farmaki kwarin Panjshir sau da dama, Ahmad Shah Mas'ud ya janye zuwa kan duwatsu, in sun tafi ya sauko. A 1983 har sulhu suka yi da shi na ɗan lokaci.

Me ya sa sojan tilas ke gazawa a irin wannan yaƙi? Ba don ragwanci ba ne. Yaƙin sunƙuru aikin sani ne. Wa ya sayi buhun gari goma alhali gidansa mutum biyar ne? Wane baƙo ne ya kwana a gidan wane? Babur ɗin wa ya fita da asuba? Mai amsar waɗannan tambayoyi shi ne talaka, kuma ba zai buɗe baki ba sai ga wanda ya tabbata gobe ma yana nan, gama in soja ya tafi, shi za a bari da masu yankan rago. Sojan tilas kuwa kwana yake ƙirga. Kafin ya san sunan ƙauyuka, wa'adinsa ya cika, an kawo sabo wanda bai san kome ba. Ba ya jin harshen mutane, kowa ya gani da rawani abokin gaba ne a idonsa. In tsoro ya kama shi sai ya kira igwa ko jirgi, a rushe ƙauyen da harbi ya fito daga ciki. Kowane gida da aka rushe kuwa ya haifar wa masu tawaye sabon mayaƙi. Ga shi kuma a cikin barikin kansa ba shi da daɗi, domin rundunar Sobiyet ta shahara da al'adar tsofaffin kurata su gallaza wa sababbi. Sa'an nan akwai iyaye. Sojan sana'a in ya mutu, akan ce aikinsa ne. Sojan tilas in ya mutu, uwarsa takan tambayi dalili. A 1989 aka kafa Kwamitin Uwayen Soja a Masko, a yaƙin Checheniya kuwa mata sun riƙa tafiya har fagen fama suna neman 'ya'yansu.

Akwai wani abu a labarin Afganistan da ba a cika faɗa ba. Bayan fitar Sobiyet, gwamnatin Najibullah ba ta faɗi nan da nan ba, ta yi shekara uku. Abin da ya riƙe ta shi ne man fetur da gari da kuɗi daga Masko, waɗanda take biyan mayaƙan ƙabilu da su. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a ƙarshen 1991, kayan suka yanke, Janar Abdurrashid Dostum ya juya mata baya, a Afrilu 1992 Kabul ta faɗi. Ƙawancen da aka saya da mai, ranar da tanki ya bushe ya ƙare.

Checheniya ta nuna fuska biyu. A daren ƙarshe na shekarar 1994 aka tura tankoki cikin birnin Girozni, da yaran da waɗansunsu ba su san ma inda aka kawo su ba. Mayaƙan Checheniya suka bar su suka shiga tsakiyar gari, kana suka rufe su daga saman benaye. Birget ta 131 kusan ƙarewa ta yi. A Agusta 1996 Rasha ta sa hannu a kan sulhu a Khasabyurt, ta janye. Da aka koma yaƙi a 1999, an rushe Girozni da igwa da jirage, amma ba wannan ne ya kashe tawayen ba. Abin da ya sauya al'amari shi ne Muftin ƙasar, Ahmad Kadirof, wanda a da ya yi kiran jihadi a kan Rasha, ya saɓa da masu tsattsauran ra'ayi ya koma wajen Masko. Aka danƙa masa mulki, aka ba shi kuɗi, aka yafe wa mayaƙan da suka bi shi, suka zama su ne masu farautar tsofaffin abokansu. An kashe shi da bom ran 9 ga Mayu 2004, ɗansa Ramzan ya gaji rundunar, daga baya ya gaji mulkin. A Afrilu 2009 Masko ta ce aikin ya ƙare. Hausawa sun riga sun faɗa, da ɗan gari akan ci gari. Sai dai farashin ya yi tsada: dubban mutane sun ɓace ba a san kabarinsu ba, ƙasar kuma ta zama kamar gandun gida guda. Wanda ke sha'awar wannan magani ya kamata ya san ɗacinsa tukuna.

Waɗanda suka zo Sahel

Yanzu sai mu matso kusa da gida. Abin da mai ɗaga tuta a Kano ya kamata ya fara sani shi ne, runduna mai yawan nan da ya ji labari ba ita ce ke zuwa Afirka ba. Tun Fabrairu 2022 ƙarfin Rasha ya tattara a yaƙin Yukiren. A Satumba na wannan shekara sai da ta kira mutum 300,000 daga cikin tsofaffin soja, dubban ɗaruruwan samari kuma suka tsallake iyaka don gudun kira, kamar yadda kakanninmu suka guje wa Faransawa. Kamfanin Wagner har gidajen yari ya shiga yana ɗibar fursunoni. A Disamba 2024 kuma gwamnatin Bashar al-Assad ta Siriya, wadda jiragen Rasha suka tallafa tun Satumba 2015, ta faɗi cikin kwana goma sha ɗaya, Rasha ba ta iya tare ta ba.

Waɗanda suka zo Afirka sojan haya ne. A Jumhuriyar Afirka ta Tsakiya, su da sojan Ruwanda suka kori 'yan tawaye daga bakin birnin Bangi a Janairu 2021. Wannan aiki sun iya shi, watau tsare fadar shugaba da babban birni. A Mali sun sauka a ƙarshen 2021, adadinsu bai wuce dubu ɗaya zuwa biyu ba, a ƙasar da ta fi Nijeriya faɗi. Faransa da sojanta 5,000 da 'yan kai a faɗin yankin Sahel, da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya mai fiye da 10,000, ba su kashe wutar ba, aka sallame su. A Nuwamba 2023 sojan Mali da Wagner suka karɓe Kidal, wadda ta fi shekara goma ba ta hannun Bamako sosai, aka yi murna ƙwarai. Amma kafin wannan, a Maris 2022, an yi abin da aka yi a garin Mura, ranar kasuwa, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500, yawancinsu ba mayaƙa ba. A Yuli 2024 aka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a Tinzawatan, kusa da iyakar Aljeriya, suka yi hasarar mutane da dama. A Yuni 2025 Wagner ta ce ta gama aikinta, wata runduna da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Rasha ta maye gurbinta. Wata uku bayan haka, masu tawaye suka soma ƙona motocin dakon mai a hanyoyin da ke shigowa daga Senegal da Kwaddibuwa, har Bamako ta shiga layin mai, aka rufe makarantu na mako biyu. In da ma'aunin Singa aka auna, watau ko mota ta isa, wannan ba nasara ba ce.

A Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransawa sun fita a Disamba, Amurkawa suka bar sansaninsu na Agadas a 2024. A Afrilu 2024 masu horarwa na Rasha wajen 100 suka sauka Yamai, tare da na'urar kakkaɓo jiragen sama. Mai hankali zai tambaya, wa za a kakkaɓo? Mutanen da ke kashe manoma a Tillaberi a kan babur suke zuwa. Makamin kariya ne ga gwamnati daga wata gwamnati, ba ga ƙauye ba.

Ba muna cewa makamin Rasha ba shi da amfani ba ne. Nijeriya kanta, da Amurka ta hana a sayar mata da jirage masu saukar ungulu a 2014, ta koma ta sayi samfurin Mi-35 daga Rasha, a 2021 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar soja, a shekarar da jiragen Super Tucano 12 suka iso daga Amurka. Sayen makami ciniki ne, kowa da inda ya sami sauƙi. Amma abin da ya fid da Boko Haram daga unguwannin Maiduguri a 2013 ba jirgi ba ne. Samarin gari ne da ake kira Kato da Gora, waɗanda suka san ɗan gidan wane ne wane.

Ƙawancen da ke kusa

In ana maganar ƙawance, hankali yakan tafi nesa, Masko ko Washintan ko Faris. Tarihin wannan yanki kuwa yana nuna maƙwabci. Fagge tun asali zango ce ta ayarin Azbinawa da sauran fataken hamada. A Disamba 1916 Kawsan, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya kewaye sansanin Faransawa a Agadas. Faransawa ba su da hanyar kawo gudummawa da sauri ta cikin ƙasarsu. Sai suka ɗebo soja daga Dakar a jirgin ruwa zuwa Ikko, suka hau jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan suka bi hanyar ayari zuwa Damagaram. Ingilishi kuma suka tura sojansu daga Kano da Sakkwato suka tsare musu Tasawa da Madawa. A Maris 1917 aka karya kewayen, abin da ya biyo baya kuwa kisa ne na rashin imani, har da malaman Agadas da dama, ƙasar Azbin ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Ba yabon Turawa ne nufinmu ba. Abin dubawa shi ne, dauloli biyu masu kishin juna sun gane cewa wanda ke mulkin Damagaram ba ya iya tsare ta in ƙofar Kano a rufe take.

Haka aka sake gani a farkon 2015, sa'ad da Boko Haram ke riƙe da ƙananan hukumomi da dama. Sojan Chadi suka shigo ta Gamboru suka kai Dikwa, su da na Nijar suka karɓe Damasak, na Nijeriya suka taso daga kudu, aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, mai hedkwata a Injamena. Mai sunƙuru da iyaka yake rayuwa: in an matsa masa nan ya tsallaka can. Ranar da aka matsa masa ta ɓangarori biyu a lokaci guda, ranar ce yake shan wuya.

Wannan ƙawance ne ya tsage a 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, ta yi barazanar yaƙi, Nijeriya ta yanke wutar lantarki ta rufe iyaka. Sanatocin Arewa suka ƙi yarda da yaƙi, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka yi ta kai da kawowa. Motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Kwangwalam da Maigatari, albasa tana ruɓewa a wannan gefe, dabbobi suna ramewa a wancan. Sai a Maris 2024 aka buɗe. A tsakani Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla nasu ƙawancen ran 16 ga Satumba 2023, a Janairu 2025 kuma suka fice daga ECOWAS.

A Nuwamba 2024 Hedkwatar Tsaron Nijeriya ta ba da sanarwar ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kabi, ta kuma ce tsayawar sintirin haɗin gwiwa da Nijar bayan juyin mulki ita ce ta buɗe musu ƙofa. Labarin Lakurawa kansa abin tsayawa ne a kai. Ba a 2024 suka fara zuwa ba. Shekaru kaɗan kafin nan, da ɓarayin shanu suka addabi ƙasar Tangaza da Gudu, hukuma kuma ta yi nisa, waɗansu shugabannin jama'a ne suka gayyato waɗannan baƙi masu bindiga daga wajen Mali da Nijar don su kare su. Suka kori ɓarayin, aka ji daɗi. Sa'an nan suka zauna, suka soma karɓar zakka da ƙarfi, suna bulala, suna kisa, har da na masu sarautar da suka yi musu maraba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙauye ne ya yi a nan abin da gwamnatoci suka yi a Bamako da Bangi, kuma dalilin ɗaya ne, watau wanda ya kamata ya tsare su bai zo ba.

A Maris 2025 Nijar ta ce ta janye daga rundunar Tafkin Chadi don ta mai da hankali ga tsaron rijiyoyin manta. Motar da aka yi wa lodi a Singa da safe za ta bi ta Bichi da Tsanyawa ta shiga Katsina, ta kai Jibiya, ta tsallaka Ɗan Isa, ta sauke a Maraɗi. Daga Katsina zuwa gaba, dajin da ke hannun hagunta ya haɗe da Rugu da Zamfara, ya kuma miƙe har cikin ƙasar Madarumfa. Masu bindigar da ke cikinsa suna tsallaka iyakar nan a kan babur ba tare da takarda ba, sojan Nijeriya kuwa iyakarsa Magama, na Nijar iyakarsa Ɗan Isa.